Kalmar "delivery" ta sa kasuwar Sallah ta wuce ni

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Abu ne ya same ni, na ga gara in faɗa a nan ko wani ya tsira. Da ma ta hannun wakili nake sayen kaya kaɗan-kaɗan a sako mini a jirgin sama. Bana ni da abokina muka haɗa kuɗi muka yi odar leshi da yadin maza daga wani kamfani a Sin, kwantena ɗaya mai ƙafa 20. A takardar farashin da suka turo, wadda muke kira proforma, an rubuta: "Delivery time: 30 working days after deposit received. FOB Ningbo." Abin da na fahimta shi ne, kwana 30 bayan na tura kafin alƙalami kaya za su zo hannuna. Na lissafa na ga tun kafin azumi ya raba kaya suna shago. Na tura kashi 30 cikin ɗari. Sai da aka yi mako shida cif suka turo mini hoton kwantena a bakin ruwa can ƙasarsu, suna cewa sun cika alƙawari. Kaya ba su iso Kano ba sai da aka ci Sallah aka watse. Ga leshi nan jibge har rufin shago, masu ɗinkin Sallah sun riga sun saya wurin maƙwabtana. Don Allah yaudarata suka yi, ko ni ne ban fahimci rubutun ba? Ina da bakin neman diyya?

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ƙanina. Wallahi ni ma da na gani haka zan fahimta. Ai "delivery" kawo kaya ne.

Ejan Apapa: Allah ya mayar maka. Amma gaskiya ɗaya ce, a kan wannan layin ba su yaudare ka ba. Haruffa ukun nan da ke ƙarshe su suka yanke maganar. FOB Ningbo na nufin mai sayarwa ya sauke nauyinsa daga ranar da kaya suka hau jirgi a tashar Ningbo. Wannan ɗorawar ita ce "delivery" a wurinsa. Kuɗin jirgi naka ne, haɗarin teku naka ne, kwanakin da jirgi zai yi a hanya ma naka ne, kuma daga can zuwa Legas jirgi yana cin fiye da wata guda. Sai ka ƙara kwanakin fitar da kaya daga tasha da na mota zuwa Kano. Ko da sun ɗora maka kaya ranar da ka biya, kwana 30 ba za su kawo kwantena Kantin Kwari ba.

Malamin Turanci: Akwai ta biyu da ta wuce ka, Ɗan Kwari, ita ce "working". Kwanakin aiki ake nufi, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Kwana biyar a mako, kwana 30 kenan mako shida, daidai abin da ka gani. Da "calendar days" aka rubuta, da wata guda ne. Na sha gaya wa ɗalibaina, a takardar kasuwanci ƙaramar kalmar da ido yake tsallakewa ita ce take ɗauke da kuɗin. Sannan ka lura da "after deposit received". Lissafi bai fara ranar da ka tura ba, sai ranar da kuɗin ya sauka a asusunsu.

Baba Alhaji: Ni duk wannan Turancin bai dame ni ba. Na fi shekara 30 ina sayen kaya a waje, tun muna zuwa Dubai da kuɗi a ɗamara, ban taɓa karanta takarda layi-layi ba. Mutum nake karantawa. Yaro, laifinka ɗaya, ka yi ciniki da wanda ba ka sani ba kuma ba ka tambayi na gaba da kai ba. Da ka zo wurina da na gaya maka kayan Sallah tun watan Rajab ya kamata a ce suna kan ruwa. In mutum mai amana ne, ko ba takarda zai cika. In macuci ne, ko lauya goma ka ɗauko zai cuce ka.

Barista: Baba, Allah ya ƙara girma, a kan tambayar na gaba ina bayanka. Amma ka bar ni in ja da rabin maganar. Waɗannan mutanen ba su ci amanarsa ba, abin da suka rubuta shi suka yi. Kowane ɓangare yana da gaskiya a zuciyarsa, amma kalma ɗaya ta ba su ma'ana biyu. Irin wannan amana ba ta maganinsa, tunda ba wanda ya yi niyyar cuta. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, a kuma kafa shaidu. An saukar da ita ga mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba.

Ɗan Kwari, maganar diyya kuwa, a kan abin da ka nuna mana ban ga ƙofa ba. Sai dai in akwai wani saƙo da suka rubuta maka ƙarara cewa kaya za su iso Najeriya rana kaza.

Ɗan Kwari: Babu, Barista. Na dai ce musu ina son kaya kafin sallarmu, suka ce "we will try our best".

Barista: To wannan ba alƙawari ba ne, za mu yi ƙoƙari ne kawai. A kwangila, kalmar da take ɗaure mutum ita ce "shall" ko "must". "May" izini ne, in ya ga dama ya yi, in bai ga dama ba ya bari. "Should" shawara ce ta abin da ya kamata. Na taɓa ganin yarjejeniyar haya da aka rubuta mai gida "may" ya gyara rufi, ɗan haya kuma "shall" ya biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya. Ɗan hayan ya sa hannu yana murna. Damina ta zo, ruwa ya jiƙa masa buhunan sukari, ya zo ofis yana cewa ai an rubuta za a gyara. Na karanta masa layin sau biyu, ya yi shiru ya dafe kai.

Anti ta Banki: Bari in shigo ta ɓangarenmu, domin shekaru na yi a teburin da ake duba takardun LC, wato alƙawarin da banki yake yi a rubuce cewa zai biya mai sayarwa in ya kawo takardun kaya daidai. Malam, ka yi mini afuwa, amma a nan ƙamus na makaranta ba ya isa. Akwai kundin ƙa'idoji na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris, ana kiransa UCP 600, ya fara aiki a 2007, kuma kusan duk LC da za ka gani an rubuta a jikinta cewa shi take bi. Wannan kundin ya ɗauki kalmomin Turanci na yau da kullum ya yanka musu iyaka da lamba.

In aka rubuta "about" ko "approximately" a gaban adadin kaya ko kuɗi, an yarda a ƙara ko a rage har kashi 10 cikin ɗari. In aka ce a ɗora kaya "on or about" rana kaza, to daga kwana biyar kafin ranar zuwa kwana biyar bayanta ne. "Beginning" na wata daga 1 zuwa 10 ne, "middle" daga 11 zuwa 20, "end" daga 21 zuwa ƙarshen wata. In aka ce "until" ko "to" rana kaza wajen ɗora kaya, ranar tana ciki. In aka ce "before", ba ta ciki. Wanda aka ce ya ɗora "before 15 May" ya je ya ɗora ranar 15, ya makara, banki zai iya ƙin takardunsa. Su kuwa "immediately" da "prompt" da "as soon as possible", kundin ya ce banki ya yi watsi da su kamar ba a rubuta ba. Kuma su ne mutanenmu suka fi so, a ganinsu sun matsa wa mai kaya lamba.

Malamin Turanci: Hajiya, na ƙaru ƙwarai, ban san an ƙayyade "about" da lamba ba. Amma ba zan janye gaba ɗaya ba. Wanda bai san bambancin "before" da "until" tun a aji ba, ko an ba shi kundin ba zai gane inda tarkon yake ba. Kuma akwai kuskuren da daga harshenmu muke ɗauko shi. A Hausa tushe ɗaya ne: na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi, na ari keke, na ara masa keke. Shi ya sa yaranmu suke cewa "borrow me". To a takarda "lender" mai ba da bashi ne, "borrower" mai karɓa. Haka "consignor" mai aikowa, "consignee" wanda aka aiko wa, "payer" mai biya, "payee" wanda za a biya. Na ga takardar bashi da wani ɗalibi ya buga wa kawunsa a shagon kwamfuta, ya juya sunayen. A rubuce, mai kuɗin ne ake bi bashi. Allah ya sa an kawo mini kafin a sa hannu.

Ejan Apapa: Wannan na "consignee" kam a tasha muke ganin wahalarsa. In sunan da ke kan takardar jirgi bai yi daidai da na Form M ba, wato takardar da mai shigo da kaya Najeriya yake buɗewa ta banki, ko da "Nigeria Limited" ne a ɗaya "Enterprises" a ɗaya, kwantena za ta zauna sai an nemi gyara daga kamfanin jirgi, kuma kowace rana bayan kwanakin kyauta kuɗi take ci.

Maman Ihsan: To Anti, kenan harafi ɗaya in ya kuskure shi kenan banki ya ƙi biya? Abin ya fara ba ni tsoro.

Anti ta Banki: A'a 'yar'uwa, ba haka ba. Littafin da yake bayyana yadda ake duba takardu ya faɗa cewa kuskuren bugu da bai canza ma'ana ba ba aibi ba ne. Misalin da ya kawo shi ne a rubuta "mashine" maimakon "machine". Amma a rubuta "model 123" alhali LC ta ce "model 321", wannan aibi ne, domin wani kaya ne daban. Abin da nake so ku riƙe shi ne, banki ba ya ganin kaya, takarda kawai yake gani. Kwana biyar na aiki muke da su bayan an kawo takardu mu ce mun karɓa ko mun ƙi. Ko kayanka zinariya ne, in takarda ta saɓa sai mai saye ya yafe, kuma a nan ne wasu suke samun damar neman ragi.

Mai Riɗi Dawanau: Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni. Mu masu fitar da riɗi da zoɓo kalmomi biyu ne suke riƙe da wuyanmu, "min" da "max". Tsabtar riɗi ana rubuta ta da "min", wato kada ta gaza kaza. Danshi da datti ana rubuta su da "max", wato kada su wuce kaza. Yaron da ke buga mini takardu ya taɓa juya su a daftari, ya sa "max" a gaban tsabta. Ma'anarsa kenan na yi alƙawarin riɗina ba zai wuce wani mataki na tsabta ba. Mai sayen ne da kansa ya kira yana tambaya ko lafiya.

Sai maganar tan. In aka rubuta "ton" kawai, ka tsaya ka tambaya. "Metric ton" kilo 1,000 ne. Na Amurka, "short ton", kilo 907 ne da 'yan kai. Tsohon na Ingila, "long ton", kilo 1,016. A tan ɗari, tsakanin na Amurka da namu akwai fiye da kilo 9,000. Ka lissafa buhu nawa ne wannan a Dawanau. Ni yanzu MT nake rubutawa, wato "metric ton", in ƙara da "of 1,000 kg" a gabansa, ko an ce na cika tsanani.

Ɗan Kwari: Yallaɓai, ka tuna mini. A tawa takardar da yadi aka yi farashi, wani kamfanin kuma da mita ya ba ni, na zaci duk ɗaya ne, na zaɓi mai araha a ido.

Mai Riɗi Dawanau: Ba ɗaya ba ne. Yadi bai kai mita ba, mita 0.9144 ne. Mita 10,000 ya haura yadi 10,900. Ka koma ka sake lissafin farashin nan biyu, mai yiwuwa wanda ka bari shi ne mai arahar.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Mu a nan Nijar wahalarmu biyu ce, da Faransanci muke aiki, ga kuma takardun Ingilishi daga Kano da Dubai da Sin. Abin da ya fi rikita mu shi ne waƙafi da ɗigo a cikin lamba. A rubutun Faransanci, 1,500 ɗaya da rabi ne, domin waƙafi shi ke raba lamba da guntunta. A Ingilishi kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Wani ƙanina ya ga farashin abu 2,250 a takarda, shi da mai kayan kowa da abin da ya karanta, sai da aka yi waya sau uku. Kwanan wata ma haka. 03/04 a wurinmu da ku 3 ga Afrilu ne, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, mutanen Sin kuma da shekara suke farawa. Ni tun daga nan sunan wata nake rubutawa da haruffa, kuɗi kuma da lamba da kalmomi duka.

Barista: Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma doka tana tare da kai. A dokar cek da takardun biyan kuɗi da muka gada daga Ingila, in lamba da kalmomi suka saɓa, abin da aka rubuta da kalmomi ake bi.

Tunda an ambaci waƙafi, akwai shari'ar da aka yi a jihar Maine ta Amurka. Direbobin wani kamfanin madara, Oakhurst Dairy, suka kai ƙara suna neman kuɗin ƙarin lokacin aiki. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan wannan kuɗin a kansu, jerin ya ƙare da "packing for shipment or distribution". Ba waƙafi kafin "or". Kamfani ya ce abu biyu ne, ɗaure kaya daban, rarraba kaya daban, don haka direbobi suna ciki. Direbobi suka ce abu ɗaya ne, ɗaure kaya domin aikawa ko rarrabawa, su kuwa ba sa ɗaure kaya, tuƙi suke yi. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce rubutun yana ɗaukar fuska biyu, ta karkata ga direbobi. A 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5. Waɗanda suka rubuta wannan dokar da Turancin aka haife su.

Baba Alhaji: To ka gani, Barista, da bakinka ka faɗa. In masu harshen ma suna faɗawa, ina ga Ɗan Kwari da ya gama sakandare ya shigo kasuwa? So kuke kowane ɗan kasuwa ya koma makaranta? Ni abin da nake gudu shi ne ku tsorata yaran nan su bar harkar ga masu digiri. Kasuwar nan waɗanda ba su iya rubuta sunansu da boko ba ne suka gina ta.

Anti ta Banki: Baba, ba wanda ya isa ya raina abin da kuka gina. Amma ku kuna zuwa da ƙafarku, ku ga kaya, ku ga mai kaya, ku ci abinci tare. Yaran yanzu a waya suke ciniki da wanda ba su taɓa gani ba, shi ma Turancin aro ne a bakinsa, wani lokaci ma manhajar fassara ce take rubuta masa. Takardar nan ita kaɗai ce a tsakaninsu. Kuma ba digiri ake buƙata ba. Sharuɗɗan ciniki irin su FOB guda 11 ne kacal a bugun kundinsu na 2020, ɗan kasuwarmu da uku ko huɗu yake haɗuwa. Wanda ya haddace farashin kala ɗari na atamfa ba zai gaza riƙe waɗannan ba.

Baba Alhaji: Na ji, Hajiya. Ban sauka daga kan maganar amana ba, amma na yarda zamanin ya canza. Ni ma ɗana ne yake karanta mini yanzu, ban dai taɓa tambayarsa me yake dubawa ba.

Maman Ihsan: Ni tambayata, da Ɗan Kwari ya ce a rubuta masa CIF Lagos, da ya tsira?

Ejan Apapa: Da bai tsira daga makara ba. Nan mutane da yawa suke ruɗewa. A CIF mai sayarwa yana biyan kuɗin jirgi da inshora har tashar da aka ambata, amma haɗari yana komawa kan mai saye tun ranar da aka ɗora kaya a can, kamar dai FOB. Bai yi alƙawarin ranar isowa ba. Sannan a Najeriya, wajen buɗe Form M ana neman takardar inshora daga kamfanin cikin gida, shi ya sa za ki ga an fi amfani da CFR, kuɗin kaya da na jirgi kawai. Ku kuma riƙa duba ko an buga "freight prepaid" ko "freight collect" a takardar jirgi. Ta farko an biya a can, ta biyu kai za ka biya kafin a sakar maka kaya. ETA kuma da ake turo muku, wato ranar da ake sa ran isowar jirgi, E ɗin farko "estimated" ne, hasashe, ba wanda za ka kama da shi.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Zafin asarar yana nan, amma aƙalla na daina zargin mutanen da abin da ba su yi ba. Muna shirin odar Babbar Sallah ta baɗi, ga abin da na rubuta zan tura musu, a duba mini: "Seller shall load the goods on board at Ningbo before 20 January. Quantity: about 20,000 yards."

Malamin Turanci: Nahawun ya tsaya daidai. Ka ƙara shekarar a gaban watan.

Anti ta Banki: Ka sauya "before" zuwa "on or before" in kana son ranar 20 ta shiga. "About" kuma ka sani ka ba su damar kawo yadi 18,000 ko 22,000, in ba ka da kuɗin ƙarin, cire ta ka rubuta iyakar da za ka iya ɗauka da lamba. Wannan kashi 10 ɗin ƙa'idar LC ce, in kuɗi kawai za ka tura ta banki ba LC, ba abin da ya ƙayyade ta, don haka cire ta ya fi.

Barista: Ka ƙara layi ɗaya da zai faɗi abin da zai faru in suka wuce ranar, ko ragin kashi kaza kowane mako, ko damar ka soke su mayar maka da kafin alƙalaminka. Turo mini ta akwatin sirri in tsara maka shi, ba sai ka biya ba.

Ejan Apapa: Ranar da ka zaɓa ma ka sake dubawa. Sabuwar shekarar Sin tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu suna rufewa ma'aikata su tafi garuruwansu, kuma makonnin da ke gabanta wurin kwantena a jirgi yana wuya. Ka jawo ta baya zuwa Disamba.

Ɗan Kwari: To, na mayar da ita 15 ga Disamba. Barista, ga shi nan na turo maka. Baba Alhaji, gobe bayan La'asar zan shigo shagonka in Allah ya yarda, ina so ka ga leshin da ya rage ka ba ni shawarar inda zan kai shi kafin yayinsa ya wuce.

Baba Alhaji: Ka zo da samfurin kowace kala. Akwai mutanen Agadas da nake jira cikin makon nan.